Malam Hayatu da Ƙananan Kalmomin Turanci

Duk wanda ya zauna a Talata Mafara a shekarun da ake aikin madatsar Bakolori, in dai mai fita sallar asuba ne, ya san Malam Hayatu ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan siriri da ke fitowa daga lungun dukawa yana tura tsohon baƙin keke, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba, ga kwando ɗaure a baya. Ba ya hawa keken sai ya wuce masallaci, don ya ce ba ya iya gaida dattijo yana bisa ƙarfe. Gaisuwarsa kuwa ba ta mai sauri ba ce. Sai ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya da iyali, ya gangaro har kan akuyar da ya ji an ce ba ta da lafiya. In ya gama sai ya hau ya kama hanyar Bakura, yana raɓe wa manyan motocin kamfani masu ɗaukar dutse da siminti, har ya isa wata 'yar makarantar firamare mai aji shida da rufin kwano. Kafin a buga ƙararrawa ya riga ya goge allo, ya rubuta kwanan wata, ya ajiye kwandonsa ƙarƙashin tebur ya rufe shi da tsumma.

A watan da ya wuce Malam Hayatu ya ajiye alli, bayan shekara talatin da biyu yana koyar da Turanci. Ba a faɗa a rediyo ba, jarida ma ba ta ɗauka ba. Amma akwai mutanen da suka ga aikinsa da idonsu, kuma bai kamata abin da suka gani ya tsaya a zaurukansu kawai ba.

Sauran malamai sun fi son koyar da manyan kalmomi, irin waɗanda in yaro ya furta su a gida uwarsa za ta riƙe baki. Shi Malam Hayatu ƙananan ya fi kula da su, musamman guda ukun nan, a da an da the. Masu sallama yake kiran su. Yakan ce wa yara, suna a Turanci ba ya faɗowa cikin jimla haka kawai, sai ya turo ɗaya daga cikinsu ya yi masa sallama. In baƙo ne, ba a san shi ba, ba a taɓa zancensa ba, kalmar a ce ke shigo da shi. In kuwa sananne ne, mai magana da mai sauraro duk sun san wanda ake nufi, to the ce. Sai ya nuna musu cewa su ma suna da abin a bakinsu, ba su lura ba ne. In ka ce wata gona, kowace ce. In ka ce gonar, an san ta. Mu a wutsiyar kalma muke ɗaura alamar, Bature kuwa a goshi yake liƙa ta.

Daga nan ne yake jawo kwandon. Ya ɗaga tumatir, aji ya amsa, a tomato. Ya ɗaga albasa, rabin aji su ce a onion, sai ya sa su maimaita har su ji da kansu yadda bakinsu ke tuntuɓe. Wasali biyu sun yi karo, in ji shi, shi ya sa ake sa musu ɗan baƙi a tsakani, a ce an onion, an egg, an orange. Yakan gargaɗe su cewa kunne ne alƙali a nan, ba ido ba. Ga kalmar hour ta fara da baƙi a rubuce, amma baki ba ya furta shi, don haka kalmar an take ɗauka. Ga uniform ta fara da wasali a kan allo, amma a baki da sautin y take farawa, sai ta ɗauki a. A lokacin zancen ruwa ya cika ko'ina, yara kuma sun dage da cewa a water. Sai ya tambaye su wa ya taɓa ƙirga ruwan madatsa, ya ce ɗaya, biyu, uku. Abin da ba a ƙirgawa, kamar ruwa da nono da yashi, ba a yi masa sallama da a.

Siffa kuwa, wasa yake mayar da ita. Yakan ce siffar Hausa mai son ado ce, kullum tana canja riga: farin sa, farar saniya, fararen shanu. Ta Turanci riga ɗaya gare ta, white ce ga sa, white ce ga saniya, white ce ga garke gaba ɗaya. Kuma ba ta bin bayan suna kamar yadda mukan ce doki fari, gaba take shiga. In siffofin sun yi yawa, sai ya fito da yara uku gaban aji, ya ba wannan girma, wannan shekaru, wannan launi, ya ce su jeru. In mai launi ya yi wuf ya shige gaba, aji ya ɗauki sowa har sai ya koma baya. Akwai direbobi da ma'aikatan jinya a garin nan da har yau ba su iya cewa black big cow, don sun taɓa tsayawa a wannan layin.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba sai daga baya shi ne dalilin kwandon. A shekarun nan an hana manoma da yawa shuka damina biyu, wasu uku, ana baje ƙasa ana haƙa magudanan ruwa. Ga kuma iyalan da ruwa ya cinye garuruwansu a wajen Maradun, wasu sun gangaro neman aikin lebura da 'ya'yansu. Yara da yawa suna zuwa makaranta ba su sa komai a ciki ba. Malam Hayatu bai taɓa kiran yaro gefe ya ce ungo ba, don ya san 'ya'yan manoma ne masu jin kunya, iyayensu ba su saba karɓa ba. Sai ya kafa doka a aji: wanda ya faɗi daidai ya cinye abin da ya faɗa, wanda ya yi kuskure ya gyara sannan ya cinye. Ƙwan dafaffe ne, matarsa Taibatu ke dafa shi tun da asuba. Kuma ya san wanda zai nuna da ƙwai da wanda zai nuna da albasa. Wani malamin lissafi da suka yi aiki tare ya ce shekara guda ya yi yana kallon abin kafin ya lura cewa ƙwai bai taɓa faɗawa hannun ɗan mai shago ba.

Cikin waɗanda ƙwai ke yawan faɗa wa akwai wata yarinya 'yar aji shida, Barira, ɗiyar wani manomi mai suna Jafaru. Ba ta da yawan magana, ko an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai, amma littafinta ba ya ɗaukar jan biro. Gonar Jafaru ta gado ce, baƙar ƙasa mai riƙe laima, tana gabas da wata tsohuwar rijiya. Kakansa ne ya sare ta. Da aka zo baje ƙasa, an tumɓuke itatuwanta, an cike rijiyar, iyakokin gonaki duk suka ɓace, wuri ya zama fili ɗaya shimfiɗe har iya ganin ido. An dai yi musu alkawari cewa in an gama aiki kowa za a mayar masa da tasa.

Ana saura wata biyu damina ta faɗi, a shekarar 1979, aka kawo takardu daga ofishin da ke rabon filayen. Tafinta ya tsaya a ƙofar mai gari ya fassara, ya ce takarda ta ce za a mayar wa kowa gonarsa, kowa ya je ya dawo ran Laraba ya dangwala yatsa. Jafaru ya koma gida da murna, ya miƙa wa Barira takardar ta sa masa cikin littafinta kada ta yamutse. Ita kuwa ta tsaya tana karantawa. Ta karanta sau biyu, ta sa yatsa a kan wani wuri, ta daɗe ba ta ɗaga ba.

"Baba, kada ka sa hannu," in ji ta. "Takardar ga ba ta ce gonarka ba. Wata gona ta ce."

Jafaru ya yi mata faɗa. Ya ce tafinta ya karanta a gaban mai gari da dattawa, ita ɗiyar jiya ta fi shi ilimi ne? Ta ce ba ta fi shi ba, amma su je wurin Malam. Ta ƙi cin tuwo a ranar, abin da ba ta taɓa yi ba. Washegari da la'asar Jafaru ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tako har makaranta, ya tarar da Malam Hayatu yana ɗaure kwando zai tafi gida.

Bayan sun gaisa, Malam ya sa tabarau ya karanta takardar a tsaye. An rubuta cewa za a ba mai wannan suna a plot, wato wani fili, mai girman kaza. Ba a ce the plot ba, ba a ambaci inda yake ba. Da wannan takardar ana iya ba mutum tsakuwa a kan tudu inda ruwa ba ya hawa, kuma ba a saɓa alkawari ba. Malam ya cire tabarau ya dubi yarinyar, wadda ta raɓe a bayan ubanta.

"Malam Jafaru, ɗiyarka ta yi gaskiya. Ni ma da ban natsu ba, da na wuce wurin."

Ya san abin da ke gabansa in ya rubuta wa Jafaru koke. A lokacin gari ya ɗau zafi, manoma sun fara tare hanyoyi, kuma duk ma'aikacin gwamnati da aka gani yana rubuta wa talakawa takardar koke ana yi masa kallon mai zuga jama'a. An kuma riga an tura sunansa cikin waɗanda za a ba shugabancin makaranta, bayan shekara ashirin da shida yana jira. Hedimasta, wanda abokinsa ne, ya ja shi ofis ya ce ya rufa wa kansa asiri, ya gaya wa manomin gaskiya da baki ya bar shi ya nemi wani marubucin. Malam ya yi godiya, ya ce ya ji. Sai dai ya ce shi ya koya wa yarinyar bambancin kalmomin nan, ba zai iya ce mata yanzu abin na cin jarrabawa ne kawai ba.

Kafin Laraba manoma goma sha tara sun zo. A ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, na makaranta yake zama da su bayan an tashi, ya ɗora takarda a kan gwiwa, ya ce wa kowa ya siffanta masa gonarsa. Doguwa ce ko mai faɗi? Jar ƙasa ce ko baƙa? Tana kwari ko tana tudu? Me ke gabas da ita a da? Dattawa masu furfura suka riƙa rufe ido suna zagaya gonakin da babu su, suna ambaton tsamiya da ɗorawa da aka riga aka ƙone. Wani tsoho, Bappa Yari, duk tambayar da aka yi masa sai ya ce gonarsa mai albarka ce. Malam ya yi murmushi ya ce ya yarda, amma albarka ba ta fitowa a taswira, ya taimake shi da tsawo da launi. Da ya samu abin da yake nema ya jera siffofin yadda nahawu ya ce, sai kuma ya ƙara kalmar good a gabansu duka. Ya ce tsohon bai yi ƙarya ba, don haka a bar masa ita.

Ran Laraba bai je aji ba, karo na farko da aka taɓa ganin haka. Ya shiga gaban manoman har ofishin. Magatakardan da ya rubuta takardun farko saurayi ne mai taye, ya karɓi koken ya duba sama-sama, ya yi dariya. Ya ce shi bai ga bambanci ba, a da the ai duk abu ɗaya ne, kuma abin kunya ne mutum mai ilimi kamar Malam ya tara masa jama'a a kan harafi guda.

Malam Hayatu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, in ɗanka ya ɓace ran kasuwa, anka kamo wani yaro anka kawo ma, anka ce ai yaro yaro ne, kana amsa?"

Akwai wani babban safiyo mai awon ƙasa a ɗakin ciki, mutumin kudu, dattijo, wanda ya ji komai ta ƙofa. Ya fito ya karɓi koken ya karanta har ƙarshe, ya tambayi wa ya rubuta. Daga nan ya sa aka ɗauko tsohuwar taswirar da aka zana kafin a baje ƙasar, aka shimfiɗa ta a ƙasa. Yini guda suka yi durƙushe, shi da Malam, ana karanta siffar kowace gona ana neman ta da yatsa. Tsohuwar rijiyar tana nan a taswira, ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero. Da aka nuna wa Jafaru ita, aka ce ga tasa nan gabas, sai ya juya baya ya goge ido da hannun riga.

Ba kowa ne ya dace ba. Goma sha biyu aka sake wa takarda, da the da lambar fili da komai. Sauran bakwai gonakinsu sun faɗa ƙarƙashin babban magudanin ruwa ko hanyar mota, babu nahawun da zai tono su. Bappa Yari yana cikinsu. Malam bai bari ya ji a bakin masinja ba, shi ya tafi gidansa da kansa, ya zauna da shi a zaure har aka kira magariba. Jafaru ya shuka gonarsa a daminar nan, kuma har yau ita yake nomawa, alkama da rani, shinkafa da damina. Barira kuwa tana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai mata.

Wata uku bayan haka takarda ta zo. An yi wa Malam Hayatu canjin wurin aiki zuwa ƙauyen Janbako, malamin aji kamar yadda yake, ba a faɗi dalili ba. Shugabancin makarantar aka ba wani. Ba wanda ya taɓa cewa saboda koken ne, shi ma bai taɓa faɗa ba. Taibatu ta yi kuka, ta ce da ya bi shawarar hedimasta da yanzu suna zaune cikin danginsu. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce mata a Janbako ma akwai yara, kuma ya ji an ce kajin can sun fi yin ƙwai. Ta yi dariya tana hawaye, ta tashi ta fara ɗaure kaya.

Shekara shida ya yi a can. Da damina yakan ɗauki keken a ka ya ƙetare rafi, wando naɗe har gwiwa. Rabin ajinsa 'ya'yan makiyaya ne, shi kuma da yake Bafillace ne ta wajen uwa, sai ya riƙa bi da su daga Fillanci zuwa Hausa zuwa Turanci. Sun sha dariya da suka ji siffar Turanci ba ta canjawa, su da siffa a harshensu take juyawa da kusan kowane irin suna. Wani ya tambaye shi ko Bature bai san shanu ba ne, da saniya a wurinsa fara ce ko baƙa ko ja, shi ke nan. Malam ya ce Bature ya san shanu, amma bai kai makiyaya ba. Da tashin hankalin watan Afrilun 1980 ya auku tsakanin manoma da 'yan sanda a ƙauyukan da ya baro, aka rasa rayuka, kwana biyu ya yi a hanya ya dawo, ya bi gida gida yana ta'aziyya, yana kuma roƙon iyaye kada su cire yara daga makaranta.

Malam Hayatu, kai ne ka ɗauki abin da kowa ke tsallakewa ka tsaya a kansa shekara talatin da biyu ba ka gaji ba. Kai ne ka ciyar da 'ya'yan mutane ba tare da ka sa sun sunkuyar da kai ba. An ba ka zaɓi tsakanin kujera da gaskiyar wata yarinya mai kunya, ka bar kujerar, kuma ba a taɓa jin ka yi wa kowa gori ba. Dogo mai alli, mijin Taibatu, uban 'ya'yan da ba ka haifa ba. Mutanen Mafara da Bakura da Maradun suna gode maka, waɗanda suka samu gonakinsu da waɗanda ka zauna da su ranar da ba su samu ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya, ya sa abin da ka koyar ya zame maka haske.

Ranar da aka yi masa sallama a Janbako ba a yi wani taro mai yawa ba. An shimfiɗa tabarmi a harabar makaranta, iyaye suka kawo fura da nono, mai gari ya yi addu'a. Aka ce Malam ya faɗi abin da yake so a yi masa. Idonsa ya fara rauni yanzu, sai da aka kama masa hannu ya sauko daga dakalin aji. Ya yi gaisuwarsa doguwa kamar kullum, sannan ya ce shi ba ya bukatar komai, sai abu ɗaya. Ya ce malamai uku aka turo su gaje shi, duk sun ga hanya sun koma. Aji biyar akwai yara arba'in da ɗaya, sun tsaya a shafi na sittin, ya naɗe musu kusurwar shafin don wanda zai zo kada ya sha wahalar nema.

Ku matasan da kuka fito daga kwaleji da takardunku a hannu kuna jiran a tura ku Gusau ko Sakkwato, wannan maganar taku ce. Hanyar ba ta da kyau, gaskiya ne, kuma da damina sai kun cire takalmi. Amma mutum mai shekara hamsin da 'yan kai ya bi ta shekara shida. Littafin yana cikin aljihun teburin aji biyar, makullin yana hannun mai gadi, yaran kuma suna zuwa kowace safiya su zauna.